Mussar da ba ta fita waje: wace allura ce dole, wacce ce zaɓi, kuma ina kuɗɗin ke tafiya?

A Yamai yanzu kiwon mussa cikin ɗaki ya fara yawa, musamman wajen 'yan mata da matasan ma'aurata, wasu ma har da masu dogon gashin nan da ake cinikinsu ta waya. To sai ga ruɗani ya taso kan maganar allura. Mutum ya kai mussarshi wajen likitan dabbobi an ce mishi ya riƙa dawowa kowace shekara a yi rafel, wato a maimaita allurar rigakafi, ya koma gida ya buɗe intanet ya tarar ana cewa ai ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, wato WSAVA, ta sabunta a 2024 ta ce shekara 3-3 ya isa ga mussar da ba ta fita, wani kuma a gefe yana cewa duka ɓarnar kuɗɗi ce, mussoshin gidan kakanninmu wa ya taɓa yi musu allura. Kowannensu na da ɗan abin da ya riƙe na gaskiya, sai dai ba kan allura ɗaya suke magana ba, kuma ba kan irin gida ɗaya ba.

Tukuna, wace ce mussar ɗaki?

Nan ne tushen saɓanin. Idan likitocin Turai ko Amurka suka ce mussar cikin gida, suna nufin wadda ke zaune a bene na uku ko na biyar, ƙofa rufe, taga da gilashi, ba ta taɓa taka ƙasa ba kuma ba ta haɗa hanci da wata mussa ba tunda aka kawo ta. Gidajenmu ba haka suke ba. Ko a Koira Kano ko Filato inda ake da gidaje masu get da mai gadi, akwai tsakar gida, akwai katangar da muzurun unguwa ke bi duk dare, lokacin zafi kuma ana barin ƙofa buɗe ko a fito a kwana waje, balle a gidan haya na Bukoki ko Talaje inda ƙofofi biyar ke kallon tsakar gida ɗaya. Mussar da ake ce ma ta ɗaki a irin wannan gida tana fita shan iska, tana kama ƙadangare da tsaka da kusu, tana leƙa kwata, in lokacin barbara ya zo kuma ba katangar da ke riƙe ta.

Saboda haka kafin a ɗauki wata ƙa'ida daga waje a ɗora, tambayar farko ita ce ko mussar tana iya haɗuwa da wata dabba ko a'a, ko da sau ɗaya a wata ne. In tana iyawa, a lissafin likita ta shiga sahun masu fita.

Ko wadda ke rufe ruf ɗin ma ba ta tsira duka ba, don akwai cutar da mutum ne da kanshi ke kawo ta gida a tafin takalmi.

Alluran da abin da kowace ke karewa

Allurar farko da ake fara yi haɗin cuta uku ce a sirinji guda. A karne, wato ɗan littafin da ake rubuta alluran mussa, za ka ga an manna 'yar takarda mai haruffa RCP ko TC, ya danganta da kamfanin. Cuta ta farko ita ce wadda likitocinmu ke kira tifis, ƙwayar cuta ce mai cin hanji da ɓargo, ɗan mussa ya kwana lafiya gobe ya tashi da amai da zawo ya ƙi ci, jiki ya bushe, cikin kwana biyu uku ya mutu, kuma sau da yawa ɗiyan ciki ɗaya haka take binsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar na da taurin rai, tana iya yin shekara a ƙasa ko a kwano ko tsumma ba ta mutu ba, sabulu kaɗai ba ya kashe ta sai an sa ruwan jabel. Ita ce mai shigowa ta takalmi, shi ya sa babu wata ƙa'ida da ta cire wa mussar ɗaki wannan allura.

Sauran biyun su ne ke kawo koriza, murar mussa ke nan: atishawa, majina, kwantsa ta like ido, gyambo a harshe har ta kasa cin abinci. A nan akwai abin da ya kamata a sani, allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, rage tsananin ciwon take yi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin biyu ma in ta shiga jiki ba ta fita har abada, lafawa take yi ta taso duk lokacin da mussar ta shiga damuwa, kamar an sauya gida ko an kawo sabuwar dabba. Don haka wanda ya ga mussarshi na atishawa bayan an yi mata allura, ba lalle ba ne an cuce shi.

Sai ta lekoz, cutar da ke karya garkuwar jiki kuma tana kawo kansar jini. Ita ba ta daɗewa a waje, ta yawu take bi, lasar juna, cizo, ci a kwano ɗaya. Wannan ita ce allurar da ta fi zama ta zaɓi. Likitocin Amurka tun ƙa'idarsu ta 2020 suna cewa a yi ma duk 'yar mussar da ba ta kai shekara ba, don ƙanana sun fi saurin kamuwa kuma ba wanda ya san irin rayuwar da za su yi nan gaba, amma babba da ke zaune ita kaɗai a rufe ana iya dakatar mata. Abin da ya fi dacewa a gwada jini kafin a yi, don allura ba ta amfanar wadda ta riga ta kamu.

Ta ƙarshe ita ce ta ciwon haukan kare, ita kuma maganarta daban ce, za mu zo kanta.

Me ya sa ake ta maimaita ma ƙanana?

Mutane da dama nan suke fara zargin likita na neman kuɗɗi ne, an yi yau an ce a dawo bayan sati uku, an dawo an sake cewa a dawo. Dalilin yana cikin nonon uwa. Ɗan mussa na samun kariya daga nonon farko da ya sha, kariyar nan tana tsare shi makonnin farko amma kuma ita ce ke kashe ƙarfin allura in an yi ta da wuri. A wani ɗan tana gushewa a sati 8, a wani sai sati 14 ko 16, kuma da ido ba a gane wanne ne wanne. Shi ya sa ake farawa a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati 2 zuwa 4 har sai ta ƙarshe ta faɗo a sati 16 ko sama da haka. Wanda ya yi ta farko ya ɓace, yana iya yiwuwa kuɗɗinshi sun tafi a banza. In dole sai an taƙaita saboda aljihu, wadda ba a yarda a rasa ba ita ce ta sati 16 ɗin nan.

Sabon abin da ƙa'idar 2024 ta ƙara jaddadawa shi ne a sake yin ɗaya a wajen wata 6, maimakon a jira sai ta shekara kamar yadda aka saba, don a toshe gibin 'yan kaɗan ɗin da allurar ba ta kama su ba.

Babbar mussa da aka tsinta ko aka ba mutum kyauta ba a san tarihinta ba, nata ya fi sauƙi, allura biyu ne da tazarar sati 2 zuwa 4.

Kowace shekara ko shekara 3-3?

Masu cewa shekara 3 suna da hujja mai ƙarfi. An gano kariyar allurar tifis tana daɗewa shekaru da yawa, maimaita ta duk shekara ba ya ƙara komai. Sannan a 1991 likitoci a jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka lura da wani irin ƙari mai muni da ke fitowa a daidai wurin da aka soka ma mussa allura. Ba kasafai yake faruwa ba, kiyasin da aka fi kawowa yana tsakanin mussa 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 10,000, wasu ma sun samu ƙasa da haka, amma ya isa ya sa aka fara cewa kar a yi allurar da ba a buƙata. Shi ne ma dalilin da likitoci da yawa suka bar soka allura tsakanin kafaɗu suka koma ƙafa. Ɗan kumburi bayan allura abu ne da aka saba gani kuma yana sacewa da kanshi, wanda ake komawa da shi wajen likita shi ne wanda ya wuce wata 3 bai tafi ba, ko ya fi santimita 2, ko bayan wata guda yana ƙara girma.

Masu cewa kowace shekara su ma ba daga sama suka ɗauko ba. Kariyar koriza ba ta kai ta tifis daɗewa ba, kuma ita kanta WSAVA ta ce mussar da ke cuɗanya da wasu a yi mata ta koriza duk shekara, shekara 3 ɗin na wadda ke rufe ita kaɗai ce. Na biyu, likita yana bin abin da aka rubuta a takardar maganin da ke hannunshi, in kamfani ya rubuta shekara 1 ba zai sa hannu a karne ya ce 3 ba. Na uku, inda ba a cika samun alluran a rarrabe ba, in za a yi ta koriza dole ta tifis ta biyo tunda a kwalba ɗaya suke. Akwai kuma dalili na huɗu da likitoci ba su ɓoyewa: in ba don rafel ba, mafi yawan mutane ba za su taɓa kawo mussa a duba ta ba sai ta kwanta.

Idan aka ɗora wannan kan gidajen Yamai, mussar da ke fita tsakar gida ko ake da wasu mussoshi tare da ita, shawarar shekara-shekara ba zalunci ba ce. Wadda kuma da gaske a rufe take, mai ita na da damar tambayar likita ko za a iya tazarar haɗin ukun, ya kawo ta duba lafiya kawai. Tambaya ce ta hankali, likitan kirki ba zai ji haushinta ba.

Haukan kare: allurar da ta shafi mutanen gida

Duk sauran cututtukan da aka lissafa mussa kaɗai suke kamawa. Wannan kuwa yana kashe mutum, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar lafiya ta duniya na kiyasin mutum 59,000 ne ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne kare ne ke kawo kusan duka, har kashi 99 cikin ɗari, amma mussa na ɗauka daga cizon kare ko na wata dabba ta kawo shi har kan katifa, kuma yaran gida su ne ke wasa da ita suna jan wutsiya.

Wanda ya karanta a shafukan Faransa cewa wannan allura ba dole ba ce ga mussar ɗaki, gaskiya ya karanta, amma ta Faransa, ƙasar da aka ayyana ta rabu da ciwon a dabbobin ƙasa tun 2001. Nijar ciwon na nan. Don haka in kuɗɗin allura ɗaya tak mutum ke da su, a lissafin lafiyar iyali wannan ce ta farko. Ana yin ta daga sati 12, a maimaita bayan shekara, daga nan a bi abin da takardar maganin ta ce.

Amfanin karne yana fitowa ranar da mussa ta ciji ko ta yagi ɗan maƙwabta. Abin da ake fara yi, ko an yi mata allura ko ba a yi ba, shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cikakku, ba a ɗan ɗauraye ba, sannan a tafi asibiti ranar, kar a tsaya shafa toka ko man mota. Dabbar kuma ba a kashe ta ba a kore ta, a tsare ta a sa mata ido kwana 10, wasu likitocin kan kai 15, don in ta wuce kwanakin lafiya lau to ba ta ɗauke da ciwon a yawunta ranar cizon. Shi kuwa mutum allurarshi ba guda ba ce, zuwa uku ne ko huɗu a ranaku daban-daban, in raunin ya yi zurfi har da wani magani na musamman da ake sokawa a bakin ciwon, mai tsada kuma ba ko'ina ake samunshi ba. Ciwon na iya kwanciya wata 2 zuwa 3 a jiki, wani lokaci har shekara, kafin ya nuna, shi ya sa warkewar tabon cizo ba ta nufin komai.

Maganar firigo

Wannan ɓangaren shafukan waje ba su cika taɓa shi ba don su ba matsalarsu ba ce. Alluran nan dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har zuwa sirinji, ba su son zafi kuma ba su son daskarewa. A garin da watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 kuma wuta na ɗaukewa awanni, kwalbar da ta kwana a firigo marar wuta ko ta yi yawo a aljihun mai babur tana iya zama ruwa kawai, kuma da ido ba a ganewa. Mussar da aka soka ma irin wannan tana da tambari a karne amma ba ta da kariya, wanda ya fi rashin allurar haɗari tunda mai ita ya saki jiki.

Abin da mai mussa zai iya dubawa da kanshi ba shi da wuya. Ya ga an ciro kwalbar daga firigo ko daga kula mai ƙanƙara a gabanshi, ya ga an haɗa garin da ruwan nan take ba tun safe ba, a ɓanɓare 'yar takardar jikin kwalbar mai lambar kaya da ranar lalacewa a manna a karne, likita ya sa hannu da tambari. Tambayar ko wurin na da sola ko janareta ba rashin kunya ba ce. Kuma likita na gaske sai ya auna zafin jiki ya duba ido da baki kafin ya soka, don ba a yi ma marar lafiya rigakafi. Wanda ya zo gida da allura a leda yana cewa nashi ya fi sauƙin kuɗɗi, to araha dai ba ta ado.

Ina kuɗɗin ke tafiya?

Wasu na mamakin yadda ake yi ma garken shanu da awaki allura kyauta amma mussa guda sai an biya. Tsarin ne daban. Gwamnati na yin kamfen ɗin rigakafin bisashe duk shekara saboda kiwo na cikin ginshiƙan arzikin ƙasa, ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai ma alluran bisashe yake haɗawa, kuma likitocinmu, da yawansu 'yan makarantar likitancin dabbobi ta Dakar ce da aka kafa a 1968, mafi yawan aikinsu na shanu da raƙuma da tumaki ne. Alluran mussa daga waje ake shigo da su, a cikin sanyi, kaɗan-kaɗan tunda masu saye ba su da yawa. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, wato abin da aka saya yuro 10 a Turai ya riga ya kai sefa 6,560 kafin a sa kuɗɗin jirgi da duwan da wutar firigo da ribar mai kawowa. Tun bayan takunkumin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina, abincin mussa na buhu da yashin kanti da take kashi a ciki suna cikin abubuwan da suka ji wannan zagaye. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 42,000 a wata, ba abin mamaki ba ne mutum ya tsaya ya yi lissafi.

Lissafin kuwa ba daidai yake kowace shekara ba. Shekarar farko ita ce mai nauyi: zuwa uku ko huɗu wajen likita, karne, maganin tsutsa akai-akai, allurar haukan kare, sai tiyatar hana haihuwa in za a yi, wadda ita kaɗai takan fi kuɗɗin alluran, ta mace kuma ta fi ta namiji tsada tunda ita sai an buɗe ciki. Daga shekara ta biyu abin ya sauka, zuwa ɗaya ne da rafel da maganin tsutsa da na ƙuma. Sai in ta tsufa, daga shekara 8 zuwa 10 haka, ya sake hawa saboda haƙori da ƙoda. Abin da ke cin kuɗɗi a ɓoye kuwa ba likita ba ne, abinci ne, don shi kullum ne.

Farashi na bambanta tsakanin kilinik mai zaman kanshi da ma'aikatar kiwo, tsakanin Yamai da Tawa, don haka kafin a fara gara a nemi a rubuta ma mutum jimillar shekarar farko a takarda, a tambaya ko kuɗɗin duba na cikin na allura ko daban ne, ko na tiyata ya haɗa da allurar barci da maganin bayan aiki da cire zare. Tunda babu inshorar dabbobi da za a jingina da ita, asusu ne mafita: dala ashirin kullum a gwangwani, a shekara ta zama sefa 36,500.

Abin da ba allura ba amma yana cikin kulawa

Tsutsar ciki ta fi kowace cuta yawa. Ƙanana ana fara ba su magani daga sati 3, duk sati biyu har bayan yaye, sannan wata-wata har wata 6. Babba da ke rufe sau 1 ko 2 a shekara ya isa, mai kama kusu da ƙadangare kuwa duk wata uku. Ƙuma ma tana kawo wata tsutsa mai kama da ƙwayar shinkafa da ake gani a gindin wutsiya, don haka ba a maganin ɗaya a bar ɗaya.

A nan ne kuma ake yawan kashe mussa da kyakkyawar niyya. Farasitamol guba ne gare ta, hantarta ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya ta babban mutum mai miligiram 500 na iya kashe ta, dadashi ya koma ruwan ƙasa fuska ta kumbura numfashi ya gagara. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin farmetirin in an ɗiga mata tana kama karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da maganin fesa na sauro, a fitar da ita kafin a fesa, kar ta dawo sai ɗaki ya sha iska. Maganin tsutsa na bisashe da ake saye a tebur a kasuwa an auna shi ne don dabba mai kilo ɗari, mussa kuwa kilo 3 zuwa 5 ce, ɗan kuskuren awo ya isa. Sai albasa da tafarnuwa da ke lalata mata jini a hankali, kuma kowa ya san miyarmu ba ta rabuwa da albasa, don haka sauran tuwo da miya ba abincinta ba ne. Ita mai cin nama ce, wanda ba ya iya sayen na buhu, dafaffen nama ko kaza ko kifi marar ƙaya da ba a sa ma gishiri da magi ba ya fi mata, madara kuma mafi yawan manya zawo take sa su.

Maganar hana haihuwa ta fi kowace jawo muhawara. Mussa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Masu goyon bayan tiyata na nuna cewa wadda aka yi ma kafin wata 6 haɗarin kansar nono na raguwa da kusan kashi 90 cikin ɗari, kukan dare da tsallake katanga su ƙare, muzuru kuma ya rage fitsari a bango da faɗan da ke kawo mishi cuta. Masu ƙi wasu tausayi ne, wasu kuma na ganin sauya halitta ne, malamai ma sun saɓa, akwai masu hanawa akwai masu halattawa in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba, wannan kowa sai ya koma ga malamin da ya yarda da shi. Abin da likitoci suka fi haɗuwa a kai shi ne ƙwaya ko allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke ɗauka ita ce hanyar tsakiya, yawan amfani da ita na kawo ruɓar mahaifa da ƙarin nono da ciwon suga, a ƙarshe a zo a yi tiyatar da aka guje ma cikin gaggawa kuma da tsada.

Sai tsoron da ake ba mata masu ciki. Akwai cutar da ake iya ɗauka daga kashin mussa mai illa ga ɗan tayi, wannan gaskiya ne, amma ba daga gashi ba ne, kuma ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a kashin kafin ta iya kama mutum. In ana kwashe yashin kullum, wani ya riƙa yi ba mai cikin ba, an rage haɗarin sosai ba sai an kori mussa ba. Naman da bai gasu ba da ganyen salati da ba a wanke ba su ma hanya ce ta wannan cuta. Makero ne dai yara ke saurin ɗauka daga jikinta, in an ga gashi ya zube ya yi da'ira a kai ta a duba.

Abin da ba ya jiran ranar rafel

Muzurun da ke ta zuwa yashi yana yunƙuri yana kuka fitsari ba ya fita, mafitsara ce ta toshe, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya mutuwa, ranar ake kai shi ko dare ne. Mussar da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, musamman mai ƙiba, hanta na iya lalacewa. Numfashi da baki buɗe ba ɗabi'arta ba ce kamar kare, in an gani lokacin zafi a kai ta wuri mai sanyi a jiƙa mata jiki da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a nemi likita. Ɗan ƙarami mai amai da zawo tare shi ma ba a kwana da shi. Saboda irin waɗannan ne ya kamata lambar likitan ta kasance a waya tun ranar allurar farko, a kuma tambaye shi ko yana ɗagawa da dare da ranar Lahadi.

Masu niyyar tafiya Turai da mussarsu kuma su fara shiri da wuri, don daga Nijar sai an sa mata 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata, a yi allurar haukan kare bayan an sa na'urar, a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini a aika ɗakin binciken da Tarayyar Turai ta amince da shi, in sakamako ya yi kyau a sake jiran wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Gaba ɗaya abin ba ya kasa wata huɗu, kuma in rafel ya wuce ranarshi sai a sake gwajin daga farko.